Shan Iska Muka Fita

Ranar wata Asabar cikin damina yayana ya kawo mashin ɗin gidanmu a Bodinga, a bayan a-kori-kura, ledar kamfani tana lulluɓe da sirdinsa. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji yaran unguwa suna ihu. Na leƙa ta zaure da kumfa a hannuna. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a waya. Dogo ne, ja da fari, siriri kamar wanda bai ƙoshi ba, tayoyinsa duk ƙuraje manya-manya, marfin tayar gaba kuwa ya ɗaga can sama kamar bakin shamuwa. Ba shi da wurin ɗaura kaya, sirdin ma da ƙyar zai ɗauki mutum biyu.

Baba ya fito daga masallaci, ya zagaya shi hannu a baya, ya sake zagayawa.

"Buhu nawa na albasa shika ɗauka?"

"Ba na kaya ba ne, Baba."

"To kabu-kabu za ka shiga yi, ka bar asibitin?"

"A'a Baba. Tsohon mashin na nan don zuwa aiki. Wanga na shan iska ne. In na samu hutu in shiga daji in zagaya."

Baba ya ɗaga kai ya dubi dogon-yaron ƙofar gidanmu yana kaɗawa. Ya ce, "Wagga da Allah ka kaɗo muna kyauta ba ta ishe ka ba, sai ka tahi daji biɗar wata?"

Kowa ya yi dariya, har shi Yaya. Inna daga bayan labule ta ce sa'o'insa suna kai kayan aure, shi kuma ya auro ƙarfe. Ni ce na cire masa ledar sirdin da hannuna.

Yaya ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Shagari. Can yake kwana, ranar Juma'a da yamma ya dawo gida. Ni kuma na gama sakandare ke nan, ina zaune ina jiran sakamako, ba abin da nake yi sai girki da kitso da kallon bango. Mu biyu ne kawai a wurin Inna, kuma tun ina ƙarama a bayansa nake. Shi ya koya mini karatun agogo, shi ya koya mini keke a ɓoye. Da mashin ya zo, wanke shi ya zama aikina. Nakan sa tsohon buroshin haƙori in bi tsakanin ƙurajen taya ina fitar da laka, shi yana zaune a kan turmi yana ba ni labarin inda ya je: ƙoramar da ya tsallake, tudun da ya hau a tsaye, yadda tayar baya ta riƙa wulla taɓo har kan hularsa.

Yana da wata waya da yake ɗaurewa a kan mashin. Duk inda ya bi sai ta ja shuɗin layi a kan taswira, in ya dawo ya nuna mini. Yana kuma son ɗaukar hoto. Shanu a burtali, rijiya da mata a bakinta daga nesa, kuka mai ƙaton gindi, gonar gero. Ya ce mu da aka haifa a nan ba mu san ƙasarmu tana da kyau ba, titi kawai muka sani.

Na dame shi har ya fara fita da ni. Inna ta yarda don ta san a bayansa nake zama, ba ta san sauran ba. A wata fadama bayan Danchadi, inda babu kowa sai balbelu, ya sauka ya ce in matsa gaba. Ƙafata ba ta kai ƙasa sai na karkata. Ya nuna mini kuloci, ya nuna mini giya, ya ce in murza totur a hankali kamar ina matsar lemun tsami a miya. Na saki kuloci gaba ɗaya, mashin ya yi tsalle ya mutu, na faɗi cikin ciyawa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Tashi, direba. Ko akuya ta fi ki natsuwa."

Kafin gero ya yi kai na iya. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan ba. Nakan sa wandonsa a ƙarƙashin zane, in mun bar gari in naɗe zanen, in cusa hijabi cikin rigar sanyinsa, in kifa hular kwano mai baƙin gilashi. Babu mai sanin ko wace ce. In na shiga yashi mashin ya fara rawa, sai ya yi ihu daga baya, "Ƙara wuta, kar ki taka birki!" In ƙara, sai mashin ya miƙe kamar ya ji magana. Cikin hular nakan yi waƙa da ƙarfi, babu mai ji na.

Mun san da ɓarayin daji, wa bai sani ba? Amma a kunnenmu abin na can nesa ne, labarin rediyo. Ko da aka fara cewa ya matso, wani abokin aikin Yaya ya ce masa ya rage shiga lungu da wannan mashin, sai ya ce shi duk yankin an san shi, rabin yaran ƙauyukan shi ya yi musu allura.

Ranar da abin ya faru da hantsi muka fita. Muka wuce Shagari, muka sauka daga kwalta muka kama wani burtali da ya ce ya bi sau da yawa, akwai wani tafki a ƙarshensa da yake so in gani. Ya ba ni gaba. Gero ya fi mu tsayi dama da hagu, ƙasa tana da danshi, mashin yana tafiya lafiya lau. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Da muka kusa da shi muka tarar da wasu mata ɗauke da itace. Suna ganinmu suka watsar da itacen suka faɗa cikin gero, wata har ta bar takalminta. Na yi dariya cikin hula, na ɗauka ƙarar salansa ce ta firgita su.

Ban ga igiyar ba. An ɗaure ta ne tsakanin itatuwa biyu, daidai ƙirji. Na ji kamar an buge ni da taɓarya, sai ga ni a ƙasa ina kallon sama, mashin yana can a kwance tayarsa tana juyawa. Kafin numfashina ya dawo geron ya buɗe, maza suka fito ta ko'ina, da gora, da adda, da bindigar toka. Ba wanda ya tambaye mu komai. Na ji ƙarar sanda a kan hular Yaya, na ji yana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya, bayin Allah!" Wani ya taka mini ciki, wani ya kama hulata yana ja, igiyarta tana shaƙe ni, har ta fita tare da ɗankwalina.

"Kai! Macce ta!"

Suka ɗan ja baya. Na lalubo hijabin daga cikin riga na rufe kaina, don sauri har na sa shi a baibai. Yaya kuwa ba su daina dukansa ba. Da suka cire masa hula, bakinsa ya riga ya fashe.

Aka ja mu zuwa cikin gari, aka zubar da mu ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gidan mai gari. Mai garin ba ya nan, ya tafi Shagari. Daga maganganunsu na fahimci dalilin tafiyarsa. Kwanaki kaɗan kafin nan ɓarayi sun shigo a kan mashina, fuskokinsu a rufe, sun kore shanu, sun tafi da mutum guda. Wanda yake ba da umarni a wurin, wani dogo mai jar hula, ƙanen wanda aka ɗauke ne. Idanunsa sun yi ja kamar bai yi barci ba tun ranar. Ya sa aka jingine mashin a gindin tsamiya, ya durƙusa ya shafa tayar.

"Ga ta. Sawun wagga taya munka daɗe muna gani bakin rijiya da bayan gari. Babu mai irinta duk ƙasar ga." Ya juyo kan Yaya. "Kai, mi kunka zo yi?"

Yaya ya tofar da jini. Cikin ladabi ya ce, "Wallahi shan iska munka hito, ranka shi daɗe."

Sai wani ya fashe da dariya, dariyar ta bi taron.

"Shan iska! Kun ji shi!"

"Iskar garinku ta ƙare?"

"Ka ƙona mai tun daga Bodinga don ka sha iska bakin rijiyarmu?"

Mai jar hula bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka zo sayen hatsi?" Yaya ya ce a'a. "Kana da dangi nan? Biki? Ta'aziyya? Kana bin wani bashi?" Duk a'a. "To mutum da hankalinai shi shigo daji hakanan, ba sayayya ba zumunci?" Ya ɗaga gora ya sauke masa a hannu. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Na yi kururuwa na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikacin asibiti ne, a aika Shagari a tambaya. Wani ya ce infoma ma, masu kai wa ɓarayi rahoto, ai aiki gare su, wanda aka kama a wani gari har malamin makaranta ne. Wani ya ce, "Ƙanwa tai ce? To gida ɗaya, sana'a ɗaya. Mata ai su ka kai musu abinci da ƙwaya." Na duba fuskokin ko akwai wanda ya san Yaya, uwar wani yaro da ya yi wa allura. In akwai, ba ta yi magana ba.

Sai aka kwance wayar daga kan mashin. Aka danna yatsansa na hannun da ya karye ta buɗe. Suka taru a kanta. Ga shuɗin layi ya zagaye ƙauyensu, ya sake zagayewa, ya bi ta bayan gari, ya tsaya a rijiya. Aka shiga hotuna. Wani tsoho ya kai hannu ya ƙwace wayar, ya kusanto da ita idonsa.

"Wagga saniyata ta. Mai karyayyen ƙaho. Ga maraƙinta."

Tana cikin waɗanda aka kore.

Daga nan babu sauran dariya. Mai jar hula ya ce a kawo taya. Wani saurayi ya zare tiyon mai na mashin ya tara galan, na ji ƙamshin fetur ɗin da muka saya da safe. Aka mirgino wata tsohuwar tayar mota daga bakin wani shago. Yaya ya daina roƙo, ya fara kalmar shahada, yana maimaitawa da kumburarren baki. Matan da suka kewaye ni wasu suka rufe fuska, wasu suka ɗaga yara don su gani.

Wata tsohuwa ce take riƙe da ni tun da aka kawo mu, don kar in gudu. Hannunta kamar busasshen itace. Ta matse mini wuyan hannu, ba ta dube ni ba, bakinta da ƙyar yake motsi.

"Ke ɗiyar nan. Namiji ba shi shiga daji da macce hakanan. Ko ɓarawo, ko ɗan iska. Ɗan iska bulala a ka yi mai."

Ta sake ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji muryata ta fita da ƙarfi kamar ta wata. Na ce, "Ku tsaya! Ƙarya niy yi. Ba yayana ba ne."

Suka juyo.

"Saurayina na. A gida ba a barinmu. Shi ya sa muka shigowa daji."

Mai galan ya tsaya da shi a hannu. Wani ya ce, "A'aha!" kamar wanda aka warware wa lissafi. Mai jar hula ya matso har ina jin numfashinsa. Ya ce layin da ya zagaye garinsu fa? Na ce wurin da babu mutane muke nema. Ya ce zuwan da ya riƙa yi shi kaɗai fa? Na ce wuri yake dubo mana. Hotunan shanu? Na ce ni nake sa shi, ina son shanu, yana turo mini don in ji daɗi. Duk abin da ya jefo, amsar tana nan tana jira, ban ko yi tunani ba. Na ga kafaɗun mutane suna sauka. Wannan sun san shi, sun taɓa kama irinsa a cikin gero.

"Shi ne shan iskar!" wani ya ce, aka kwashe da dariya. "Ashe gaskiya yaron ga ya hwaɗi, mu ne ba mu gane ba!"

Yaya ya ɗago kai daga ƙasa. Ido ɗaya ya rufe, da ɗayan ya dube ni. "Ƙanwata ce," ya ce. "Wallahi ƙanwata ce. Ke, mi kike hwaɗi? Ke!"

Mai jar hula ya ce, "To ga shi. Wa ka ƙarya cikinku?"

Na ce, "Kunya shika ji. Ma'aikaci ne, tsoron aikinai shikai."

"Rantse."

Wayoyi sun riga sun tashi sama, samari sun kewaye ni suna ɗauka. Na dubi tayar, tana kwance kusa da ƙafar Yaya. Na rantse da Allah. Suka ce ba a ji ba, in ɗaga murya, in buɗe fuska in kalli waya. Na maimaita. Suka ce in faɗi garinmu da unguwarmu, na faɗa. Suka shiga tambayata abubuwan da ba zan iya rubutawa ba, a ina, tun yaushe, ana dariya, wani yana kwaikwayon muryata. Na amsa duka. Duk amsar da na bayar sai in ga mai galan ya ƙara ja baya. Yaya ya kifa fuskarsa a ƙasa yana kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba.

Mai jar hula bai gamsu ba, na gani a idonsa. Amma taron ya riga ya kuɓuce masa, dattawa sun fara cewa ba a ƙona mutum don iskanci, a yi musu hukuncin da ya dace a kore su. Aka yanko tsumagiya. Aka ɗaure Yaya a jikin tsamiya da karyayyen hannunsa aka yi masa har ya daina motsi. Ni mata aka ba, suka kai ni bayan wani danni. Wadda ta fi dukana da ƙarfi tana yi tana cewa ina da iyaye kuwa, ga hijabi har ƙasa ashe wando ne a ciki. Tsohuwar nan tana tsaye a gefe, ba ta sa hannu ba, ba ta kuma hana ba.

Fetur ɗin da aka riga aka zuba a galan, mai jar hula ya karɓa ya juye a kan mashin da kansa. Muna kwance muna jin tayoyin suna fashewa. Da la'asar aka ɗora mu a amalanken shanu aka kai mu bakin kwalta aka ajiye. Wani direban motar itace ne ya tsaya.

Hoton ya riga mu isa Bodinga.

A can ƙauyen, abin da suka gani yarinya ce da saurayinta. A Bodinga kuwa babu wanda bai san mu ba. An san ranar sunana, an san shi ya riƙa goya ni zuwa makarantar allo. Abin da mutanen garinmu suka gani a wayoyinsu shi ne ni, fuska a buɗe, ina rantsuwa da Allah cewa wanda muka sha nono ɗaya saurayina ne, ina faɗin a ina da tun yaushe. Wanda ya ɗauka bai ɗauki tayar ba, bai ɗauki galan ba. Ni kaɗai ce a ciki, da muryar Yaya daga gefe yana kuka.

Masu hankali sun gane, ba zan ce ba su gane ba. Liman ya zo har gida ya gaya wa Baba cewa wanda aka tilasta babu laifi a kansa, rantsuwar ba ta hau kaina ba, ceton rai na yi. Baba ya gode masa, ya raka shi ƙofa. Amma maganar liman a zaurenmu ta tsaya, babu wanda ya ɗauke ta a waya.

Mata suka riƙa zuwa jaje. Su zauna a tabarmar Inna su ce Allah shi kyauta, Allah shi tsare gaba, idanunsu suna bina duk inda na gifta. Wata maƙwabciyarmu, wadda nake yi wa 'ya'yanta kitso kyauta, ta ce da Inna a gabana, "Ni dai abin da ya ba ni mamaki, yadda amsa ka hito mata ba ko gargada. Kamar ta daɗe da shirya ta." Ta kurɓi kunu. "Kuma dai kullum su biyu cikin daji, Inna, ke ma da sakaci." Da matar ta tafi, ta ɗauki kofin da ta sha ta wurga shi bayan gida.

Na fita sau ɗaya, zuwa famfo. Samarin da ke zaune a kan benci suka yi shiru har na wuce, sannan ɗaya ya ce da ɗan'uwansa, da ƙarfi, "Kai, zafi ya yi yawa, ko mu tahi shan iska?" Na bar bokitin a can. Akwai wani malamin firamare da ya fara zuwa wurina zance kafin abin, mutumin kirki, har ya aiko da gaisuwa ranar farko. Bai sake zuwa ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba. Baba ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gida. Sakamakon jarrabawata ya fito, na ci, babu wanda ya yi maganarsa, har ni.

Duk wannan da sauƙi, don ina cewa Yaya zai dawo daga asibiti. Shi yana wurin, ya ga tayar, ya ji ƙamshin fetur ɗin. Ko duniya ba ta sani ba, shi ya sani.

Aka sallamo shi daga Sakkwato hannu a naɗe, kunnensa na hagu ya daina ji. Na dafa masa faten wake yadda yake so, na kai ɗakinsa na zaure. Yana kwance yana kallon bango. Na ajiye na ce, "Yaya, sannu." Bai juyo ba. Na ɗauka ta kunnen da ya mutu na tsaya, na zagaya ɗaya gefen na sake cewa. Ya rufe ido. Da yamma Inna ta fito da kwanon yadda na kai shi. Washegari ita ta kai, ya ci.

Haka muka zauna gida ɗaya. In na shigo tsakar gida ya tashi, in ya ji motsina a zaure ya ja ƙofa. A wurin aikinsa ma hoton ya zagaya, ya nemi a mayar da shi wani asibiti can nesa, aka mayar. Ranar da zai tafi na tare shi a zaure, jakarsa a kafaɗa. Na riƙe hannun jakar.

"Yaya, don Allah ka dube ni."

Ya tsaya, yana kallon ƙofa.

"Da sun ƙone ka, Yaya. Ka ga tayar. Mi kake so in yi?"

"Ki yi shiru."

"Su kashe ka ina kallo?"

"Da an yi mini salla an rufe ni da mutuncina. Da Baba na zaune cikin mutane ana yi mai ta'aziyya." Muryarsa ba ta tashi ba, a hankali yake magana kamar yana gaya wa majinyaci yadda zai sha magani. "Ina rantsuwa ƙanwata ce, kina rantsuwa ƙarya nike. Gaban mutane. Kin san yadda mata ka kallona in sun kawo ɗiyansu awo? Saki jakar."

Na saki.

Tun daga ranar ban sake jin muryarsa ba sai daga wayar Inna, in ta sa a kunne ina kusa. Yana tambayar Baba, yana tambayar awaki. Har yanzu in na ji ƙamshin fetur, ko na rufe ido, ina ganin wayoyin nan a sama. Wani lokaci ina zaune sai in ji bakina yana maimaita amsoshin da na bayar, ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda da na canza da ta fitar da mu duka biyu. Ban samu ba tukuna.

Jiya Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta ce Yaya zai zo ranar Juma'a, zai kwana biyu. Na fara tunanin abin da zan dafa. Sai ta ce ta yi magana da gwaggona, zan je wurinta in zauna har ya koma.

Na ce, "Shi yac ce?"

Ta ce, "Ba shi ba ne." Tana gyara bakin zanen gadon da hannunta, ba ta dube ni ba. "Ni da Babanku munka ga ya fi. Kar a ce kun kwana gida ɗaya. Kin san bakin mutane."

Na ce to. Ta tashi ta buɗe akwatina da kanta, ta fara zaɓar mini kayan da zan tafi da su.